Mulhaƙin Safa da Almakashin Idirisu

Umdurman, 3 ga Agusta, 1996

Taubashina Abubakar Sadiƙ,

Assalamu alaikum. Sakamakon aji biyu na kulliyar aikin gona ta jami'a ya fito ranar Laraba, kuma 'yarka Safa ta faɗi darussa biyu cikin tara: ilmin ƙasar noma da ban-ruwa. An ba ta mulhaƙ, wato za ta sake zama jarrabawar waɗannan biyun a ranakun 12 da 14 ga Oktoba. In ta ci duka, ta shiga aji uku. In ta faɗi ko ɗaya sai ta maimaita shekara, kuma ban manta sharaɗin da ka gindaya mata ranar da ta shiga jami'a ba: babu maimaici.

Ita ta roƙe ni in sanar da kai. Ta ce sau uku tana ɗaukar alƙalami, kowane karo takarda ta cika ba ta iso kan maganar ba. Mahaifiyarta Rahmatu ta sani. Gogo Sittana, dattijuwar gidanku, ita ma ta sani, ta ce jarrabawar da ba a yi ta da baki ba ai zalunci ce. Na rubuta maka da ajami da manyan baƙaƙe kamar yadda ka fi so, shi ya sa wannan ɗan bayani ya cinye shafin farko.

Ga abin da muke yi a nan. Ka san tun da aka rufe jaridarmu a 1989 nake gyaran rubutu a wata maɗaba'a a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, inda muke buga kwalayen sabulu. Bara ɗaliban jami'a na unguwarmu suka roƙe ni in riƙa zama da su. Lacca ta koma Larabci, littattafan laburare kuwa har yanzu na Turanci ne, yaran suna tsakiya. Muna haɗuwa Asabar da Litinin da Laraba bayan la'asar a ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gidana, su goma sha ɗaya. Ni ina fassara, ina duba rubutu. Maƙwabciyarmu Ustaza Sakinatu, wadda ta koyar da kimiyya shekara ashirin kafin ta zauna a gida, ita ke riƙe da darussan kansu.

Safa ta shigo cikinmu yau Asabar. Ustaza ta yi mata tambayoyi da baki na kusan awa guda, ta ce yarinyar ta san ƙasa da ruwa fiye da littafin da aka ba su, kuma ta daɗe ba ta ga ɗaliba irinta ba.

Kowa lafiya. Matata Khadiga tana gaishe ka. Gwiwar Gogo ta yi sauƙi. Mutuminmu Dogo zai bi jirgin ruwan Sawakin zuwa Jidda jibi, shi zai kawo maka wannan.

Idirisu

Jidda, 19 ga Agusta, 1996

Zuwa ga taubashina Idirisu, jikan mace, malamin malamai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya Khadiga da yara? Yaya Gogo da gwiwa? Ka ce mata man zafin da ta ce in nemo na samu. Yaya Rahmatu da ƙananan? Yaya unguwarmu Umbadda, an yi ruwa kuwa, ko har yanzu ƙura ce? Ka gaishe da limaminku da mai shagon kusurwa, wanda har yau yake kirana da sunan babana.

Ni lafiya lau, sai bayan nan da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na sauko daga mota. Siminti muke kaiwa Makka sati biyu ke nan, zafi kuwa ba a magana.

Dogo ya same ni ana yi mini lodi, a tsaye na karanta takardarka. Wallahi ka faranta mini. Na maimaita wa mutanen garejin abin da malamar nan ta faɗa a kan Safa, har wani Bayamane ya ce a kawo shayi ni in biya, ni kuma na ƙara musu da basbusa, abin zaƙin nan. Jikar masu tsinkar auduga a Jazira, yau ita ce ta fi littafi sanin ƙasa. Da babana yana raye da ya sa an karanta masa layin nan sau goma. Kai ma ka yi abin kirki, ko da yake tun da kakarka ƙanwar kakana ce, hidimar gidanmu dama aikinka ne.

Na ba Dogo agogon hannu, na mata, mai baƙin madauri. Tukwicin Safa ne na cin jarrabawa. Ka ɗaura mata da hannunka a gaban ɗalibanka.

Sai kuma maganar da ta sa na rubuto. Kamfani ya amince in kawo iyali. Ranar ƙarshe ta miƙa sunaye ita ce 30 ga Oktoba, kuma sau ɗaya ake miƙawa. Zan rubuta Rahmatu da ƙananan biyu. Safa ta zauna wurin Gogo ta ƙarasa karatunta, tun da abin yana tafiya yadda ka faɗa.

Naka,
Abubakar Sadiƙ

Umdurman, 2 ga Satumba, 1996

Taubashi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan bayanka ya sassauta. Man Gogo ya iso, agogo ma ya iso. Gaisuwa ta ƙare a nan, kada ka juya shafi.

Safa ba ta ci jarrabawa ba. Ta faɗi darussa biyu, tana da mulhaƙ a Oktoba. Wannan shi ne layin farko na takardar da na aiko maka. Na karanta amsarka sau biyu kafin na gane abin da ya faru: ka ɗauka shafin farko gaisuwa ce, ka fara daga na biyu. Ka nemo shi ka duba.

Agogon na ba ta, amma ba a gaban kowa ba. Ta karɓa ta yi dariya, sannan ta yi kuka kaɗan, sannan ta tambaye ni ko yana da allurar daƙiƙa. Yana da ita, kuma ta yi mana amfani.

Na gano inda matsalar take. Na ba ta ɗaya daga cikin tambayoyin da ta faɗi: me ya sa gishiri ke taruwa a ƙasar da ake yi wa ban-ruwa, kuma yaya ake maganinsa? Na ajiye agogonka a kan tebur, na ce minti talatin, kamar a zauren jarrabawa. Ta cika shafi uku da rubutu mai kyau kamar na maɗaba'a. Ta fara da mafarin Nilu. Ta zo kan madatsar Sinnar da shekarar da aka gina ta. Ta ambaci malaman da suka yi bincike a kan ƙasar Jazira, kowanne da yabonsa. Lokaci ya cika tana tsakiyar jimlar da ta fara da "Amma dalilin taruwar gishirin".

Na ce, "Safa, ina amsar?"

Ta ce, "Tana zuwa, Ammi Idirisu."

"Yaushe?"

"Shafi na huɗu. Ai ba a faɗa wa malami magana haka gatsau."

Na ajiye takardar na tambaye ta da baki. Cikin numfashi biyu ta ba ni: ruwa ya ƙafe ya bar gishirinsa a sama, magani shi ne a buɗe wa ƙasa hanyar zubar da ruwa a wanke ta. Ustaza Sakinatu ta ce wannan kaɗai rabin maki ne.

Da na bincika sai na ga abin ba daga jami'a ya faro ba. Tun tana shekara tara Safa ce ke rubuta wa matan layinsu a Umbadda wasiƙu zuwa ga mazajensu da ke Saudiyya da Libiya, har da waɗanda Rahmatu ke aiko maka. Ka san tsarin: gaisuwa, lafiya, ruwan sama, wadda ta haihu, wanda ya rasu, sai can ƙasa a faɗi abin da ake so. Shekara goma sha ɗaya hannunta yana koyon cewa magana mai nauyi a ƙarshe take zama, kuma gaggauta ta rashin kunya ne. Ita tana rubutu zuwa ƙasa, kai kana karatu daga ƙasa. Gida ɗaya kuka fito.

A jarida akasin haka muke yi. In wuri ya yi kaɗan, daga ƙasan labari ake yankewa da almakashi, ba a tambayar marubuci. Shi ya sa ɗan jarida ke sa abin da ya fi muhimmanci a layin farko. Almakashina na nan, na fito da shi daga akwati na sa an wasa.

Wani daga kwamitin unguwa ya zo ranar Litinin ya ga abin da ke tara matasa a gidana. Na ba shi kujera. Ya saurari Ustaza tana bayanin yumɓu da yashi na minti ashirin, barci ya ɗauke shi. Da ya farka ya sha jabana, gahawarmu, ya ce mu ci gaba.

Domin kada a sake: Safa ta faɗi darussa biyu, mulhaƙ 12 da 14 ga Oktoba.

Idirisu

Jidda, 18 ga Satumba, 1996

Zuwa ga Idirisu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Khadiga da yara da Gogo da Rahmatu da dukan mutanen gida. Ni alhamdu lillahi, bayan ya yi sauƙi, sai kaina da ya ɗauki zafi tun da takardarka ta zo.

Na nemo shafin farkon. Yana aljihun jallabiyar da nake zuwa Juma'a da ita. Na ajiye shi ne in karanta gaisuwar a natse bayan salla, sai na manta. Yanzu na karanta. Kai Idirisu, wane irin mutum ne ke sa mugun labari a wurin gaisuwa? Ko mai kawo saƙon rasuwa yakan zauna ya sha ruwa tukuna. Shekara talatin ina karɓar wasiƙu, ban taɓa samun abin tashin hankali a shafin farko ba sai a taka. Boko ya cinye maka ladabi, jikan mace.

Mutanen garejin har yanzu suna kirana Abu Daktora, wato baban dakta. Ban gyara musu ba. Basbusar ta riga ta shiga ciki.

Na karanta bayaninka a kan rubutun yarinyar, wannan karon tun daga sama, da yatsa a kan kowane layi. Ban ga laifinta sosai ba. Haka aka koya mana, kuma wasiƙun da take rubuta wa uwarta su ne suka riƙe ni a garin nan. Amma na faɗa mata tun farko, a gaban Gogo, cewa babu maimaici. Ba don ƙeta ba. Uwarta za ta taho, Gogo ta tsufa, shekara biyu na yi lissafin za ta yi a can ba uku ba. Kuma na san jami'o'inku, sakamako ba ya fitowa ranar da aka ce. In na jira, 30 ga wata ta wuce, ta zo ta faɗi, na rasa ta nan na rasa ta can.

Na san a nan babu jami'ar da za ta ɗauke ta. Akwai wata 'yar garin Madani a ginin da zan kama, tana koya wa 'yan mata ɗinki. Ba zama za ta yi haka kawai ba.

Agogo nata ne, kyauta ba ta dawowa. Amma maganar ita ce zan sa sunanta a takardar tare da na uwarta. Ka faɗa mata a hankali, kada ka yi mata irin naka.

Abubakar Sadiƙ

Umdurman, 3 ga Oktoba, 1996

Taubashi,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, na kuma ji daɗin labarin bayanka. Roƙo nake yi: kada ka miƙa sunayen sai ranar ƙarshe. Dalilai na biye.

Na fara aiki da almakashin ranar 7 ga Satumba. Ƙa'idar ita ce kowa ya rubuta amsa cikin minti talatin, in yanke rabin ƙasa, sauran ɗalibai su ba da maki a kan abin da ya rage. Na faɗa musu tun kafin su fara. Da na yanke ta Safa, aka karanta rabin saman, babu komai a ciki sai Nilu da madatsa. Rahaf, ƙawarta ta kulliyar shari'a, ta ce, "Sifiri, amma da ladabi." Aka yi dariya. Safa ta tsince guntun da ya faɗi ƙasa, ta ninke, ta yi sallama ta tafi. Kwana shida ba ta dawo ba. Khadiga ta ce na yi wauta da na yi haka a gaban mutane, kuma ta yi gaskiya.

Rana ta bakwai sai ga Gogo Sittana ta sauko daga hafila, motar haya, da sandarta, Safa na biye kamar wadda aka kamo. Ta zauna a kan angarib, gadon igiyar nan, ba ta amsa gaisuwata ba.

Ta ce, "Kawo almakashin in gani."

Na kawo. Ta juya shi, ta ce, "Da wannan kake yanka rubutun 'ya'yan mutane? Ni na koya mata. Mutum ba ya shiga gida ya fara da buƙata, sai in ba a haife shi a gida ba."

Na yi mata bayanin cewa mai duba jarrabawa yana da takardu ɗari uku a gabansa, ba ya jiran shafi na huɗu. Ta ce to shi ma ba a yi masa tarbiyya ba. Na kawo misalin jarida. Ta ce jaridar da aka rufe?

Ustaza Sakinatu ce ta cece ni ba da niyya ba. Tana gefe tana zana wa wasu yadda gaɓar magudana ke ɓallewa in ruwa ya yi yawa. Gogo ta leƙa zanen, ta ce ba haka take ɓallewa ba, daga ramin ɓera take farawa. Daga nan ta shiga labari. Ta ce wata shekara a Jazira, magudanar Abu Ishirin da ke shayar da gonar da suke yi wa ƙodago ta ɓalle da sassafe. Babanka, yana saurayi lokacin, ya ruga wurin mai gadin ruwa, dattijon da kowa ke durƙusa wa, ya ce masa, "Abu Ishirin ya ɓalle a lamba ta bakwai." Dattijon ya tashi ya rufe ƙofar ruwa, auduga ta tsira.

Na ce, "Gogo, bai gaishe shi ba?"

Ta ce, "Ruwa na cin auduga za a tsaya gaisuwa? Da yamma ya koma da sukari ya gaishe shi yadda ya kamata."

Na bar ta ta ji maganarta da kunnenta. Wannan shi ne abin da ya fi wuya da na yi a watan nan. Gogo ta dubi almakashin, ta dubi agogon da ke hannun Safa.

Ta ce, "Ke, jarrabawar nan taku, ruwa ne ya ɓalle?"

Safa ta ce, "Minti talatin ne kowace tambaya, Gogo."

"To ki faɗi inda ya ɓalle tukuna. Gaisuwa da yamma."

Ta miƙo mini almakashin, ta ce in mayar da shi akwati, ta nemi shayi.

Tun daga ranar Safa ta rubuta amsoshi ashirin da shida. Biyar na farko ta riƙa zamewa ta koma Sinnar, sai Rahaf ta ce mata "lamba ta bakwai", ta goge ta sake. Goma na ƙarshe duk amsa na layin farko, hujja na biye, tarihi in lokaci ya rage. Ustaza ta ba ta tsakanin sittin da biyar da saba'in da takwas, kuma Ustaza ba ta kyauta da maki. Ba zan ce maka za ta ci ba, domin ban ga tambayoyin ba. Abin da na gani shi na faɗa.

Na tambaya a kulliya. Sun ce sakamakon mulhaƙ yakan fito cikin sati biyu, domin masu zaman kaɗan ne. Wayar shagon kusurwa ta mutu tun Yuli, shi ya sa na sake aikowa ta hannun Dogo.

Na faɗa mata shawararka a hankali, kamar yadda ka ce. Ta nemi takarda. Ga ta a ciki, ban taɓa ko wasali ba.

Idirisu

Baba,

Kada ka sa sunana. Ina so in gama karatun nan, kuma ina ganin zan ci. Ka ba ni zuwa ranar ƙarshe. In na faɗi, ni da kaina zan haɗa kayana, ba sai an ce mini ba.

Ka yi haƙuri da na fara maka haka. Gaisuwar tana nan, shafi biyu ce, na rubuta na ajiye. Gogo ta ce da yamma.

'Yarka,
Safa

Jidda, 22 ga Oktoba, 1996

Idirisu,

Ban miƙa ba.

Ka ga ni ma na iya. Sai da na ajiye alƙalami na zagaya ɗaki kafin na yarda in bar layin nan a sama shi kaɗai.

Takardarka kwana goma sha bakwai ta yi a hanya. Jirgin su Dogo ya lalace a Sawakin, suka yi ta zama a tashar. Ni kuma da na ji shiru na ɗauka ka faɗa mata ta haƙura. Ranar Asabar na cika takardar da sunaye huɗu na ba ma'aikacin da ke kai mana takardu. Lahadi da yamma Dogo ya iso, ya rame kamar sanda. Na karanta taka, na karanta tata. Tata sau nawa, ban ƙirga ba. Litinin da sassafe na tare ma'aikacin a bakin ƙofa yana shirin fita da jakarsa, na ce ya ba ni takardata. Ya ce lafiya? Na ce ruwa ne ya ɓalle. Bai gane ba, amma ya ba ni.

Labarin babana gaskiya ne, sai dai Gogo ta rage. Dattijon bai karɓi sukarin ba sai da aka kai masa sau biyu.

Yanzu takarda biyu ce a aljihuna, ɗaya da suna uku, ɗaya da huɗu. Laraba 30 ga wata da ƙarfe goma zan miƙa ɗaya. Sharaɗina yana nan, kada ka ga na yi laushi. In ban ji komai ba, mai huɗu zan bayar. Wani ɗan unguwar Abbasiyya ta nan Umdurman ɗinku zai tashi a jirgin sama gobe, shi zai kawo maka wannan.

Ina gaishe da kowa. Ka ce wa Safa ina jiran shafi biyuna.

Abubakar Sadiƙ

Umdurman, 27 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga taubashina Abubakar Sadiƙ, jikan namiji, Abu Daktora,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da bayanka da motarka da Bayamanen nan mai son shayi. Ka gaishe da Dogo, ka ce masa ya ci abinci. Ka gaishe da ma'aikacin da ka tare a bakin ƙofa, ka ba shi haƙuri a madadina.

Mu nan lafiya lau. Khadiga tana gaishe ka, ta ce ta fi ka sanin rashin ladabina. Rahmatu ta fara ɗaure kaya, ta rasa yadda za ta yi da kaskon kisra, wainar dawarmu. Ƙananan sun sanar da dukan layi cewa za su hau jirgi. Gwiwar Gogo ta warke har tana zuwa mana duk Laraba, tana zama kusa da Ustaza Sakinatu tana gyara mata zane. Limaminmu ya amsa gaisuwarka. Mai shagon kusurwa ya ce a gaishe da ɗan Ibrahimu. Mutumin kwamitin unguwa ya dawo, wannan karon da ɗansa mai karatun injiniya, ya ce a duba masa shi. Mun zama goma sha huɗu, rakuba ta yi mana kaɗan. An yi yayyafi sau ɗaya a farkon wata, daga nan shiru. Almakashi yana akwati.

Safa ta zauna jarrabawar duka biyu. Ta ce a ta ban-ruwa ta gama saura minti goma, ta rasa abin yi, sai ta ƙara musu madatsar Sinnar a ƙasa. Shafi biyunka suna cikin ambulan ɗin nan. Wani maƙwabcinmu mai zuwa Umra zai sauka Jidda gobe da azahar, ya yi alkawarin kai maka gareji kafin ya wuce Makka. Talata da ƙarfe sha biyu ka tsaya kusa da wayar kamfaninku, zan je ofishin waya in bi layi.

Na ajiye maganar a nan ƙasa, inda na san za ka fara dubawa. Jiya Asabar an kafe jerin lambobin mulhaƙ a allon kulliya, da rubutun hannu. Na hau hafila na je na gani da idona. Lambar Safa, 214, tana cikin waɗanda suka ci, a darussan biyu. Jerin bai sami hatimin magatakarda ba tukuna. An ce ranar Talata.

Idirisu